Akwatin kifin da na jera wa amarya

Ina wata na huɗu da fara aiki a wani shagon kifin ado a Kano aka tura ni aikin farko ni kaɗai. Wata Hajiya ce za ta aurar da 'yarta, tana son a kafa akwatin kifi na gilashi a falon amarya, ranar jere a tarar da komai ya kammala, fitila na haskawa, kifaye na kai da komo. Saura kwana uku. Maigidana ya yi tafiya, sai ta waya ya ce in haɗa akwatin, in zuba ruwa, in kunna matata, wato na'urar tace ruwa, amma kada kifin da zan saka ya wuce uku ko huɗu. Na ce to.

Da na isa, Hajiya ta leƙa bokitin da na zo da shi, ta ɗago ta dube ni. "Ɗan nan, waɗannan 'yan ƙwayoyin za ka zuba a wannan uban akwati? Dangin ango fa za su shigo." Na ji nauyinta, kuma ni ma a raina ina son a ga aikina a yaba. Na koma shago na ɗebo kifin zinariya 8 da wasu ƙananan kifaye masu launi da ake kira gupi guda 12, na juye su cikin akwati mai tsawon santimita 90, faɗi 40, zurfi 40, wanda ke cin ruwa lita 144. Ranar jere mata suka yi ta ɗaukar hoto a gabansa. Ruwan garau kamar ba ruwa a ciki.

A kwana na biyar amarya ta kira ni, ta ce ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, kifayen kuma sun taru a sama suna ta buɗe baki. Kafin kwana na tara, 14 sun mutu.

Tare da maigida muka koma gidan. Bai yi mini faɗa a gaban mutane ba. Ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga sinadarin gwaji, ya girgiza, muka tsaya muna kallo ruwan ya rikiɗe daga rawaya zuwa kore shar. Ya miƙo mini ya ce, "Ka san wannan?" Na sani. Amoniya ce. Na karanta zagayen naitirojin a makaranta, na zana shi da kibiyoyi a takardar jarrabawa, har maki mai kyau na samu. Ban taɓa kawowa a raina cewa zanen nan shi ne ke faruwa a falon amarya ba.

Kifi yana fitar da amoniya ta wurin da yake shaƙar iska a gefen kansa, kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma amoniya suke komawa. A kogi ko tafki yawan ruwa ne ke tafiya da ita. A akwati ba ta da wurin zuwa, kuma guba ce, tana ƙona wa kifi wurin numfashinsa, zafin ruwa kuma yana ƙara mata ƙarfi. Abin da ke ceton kifi wasu bakteriya ne da ido ba ya gani, masu zama a jikin soson matata da tsakuwa da duwatsu. Kashi na farko, irin su Nitrosomonas, suna cin amoniya su mai da ita naitirait. Ita ma guba ce, ta wata fuskar ma ta fi muni, don tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, jinin ya koma ruwan ƙasa, kifi ya yi ta haki ko da famfon iska na aiki. Sai kashi na biyu, irin su Nitrospira, su mai da naitirait zuwa naitiret, wadda kifi ke iya jurewa, tsirrai su sha wani abu daga ciki, saura a rage ta da sauya ruwa. Waɗannan bakteriya ba sa hayayyafa da sauri. Sabon akwati yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su wadata. Ni kuwa na zuba kifi 20 cikin ruwan da bai kwana biyu ba, takwas daga ciki kifin zinariya, wanda a cikin kifayen ado kaf da wuya a sami mai yawan ci da yawan kashi kamarsa.

A mota muna dawowa maigida ya ce mini, "Ba a fafe gora ranar tafiya. Hajiya ba ta san wannan ba, ba aikinta ba ne. Kai ne ka sani." Maganar ta zauna mini, don gaskiya ce. Ba Hajiya ce ta kashe kifayen ba. Ta nemi abin da idonta ke so, wanda kuma aka biya don ya ce a'a bai ce ba.

Yadda muka ceci shidan da suka rage shi ne ya zama hanyar aikina har yau. Muka zubar da rabin ruwan muka sa sabo, muka hana ba da abinci kwana biyu, muka ɗan sa gishiri kaɗan don yana rage shigar naitirait cikin jini. Sannan maigida ya yanko rabin tsohon soso daga matatar wani akwatin shago da ya shekara yana aiki, ya kawo shi jiƙe cikin leda, ya cusa a sabuwar matatar. Soson baƙi ƙirin, mai ƙarnin laka, wanda da a ce ni ne a baya da na wanke shi tas. Ashe dukiyar a nan take. Kamar yadda mai nono ke ɗiba daga tsohon kindirmo ta zuba a sabuwar madara, haka tsohon soso ke kawo iri. Tun daga lokacin ban ƙara wanke soson matata da ruwan famfo ba. Ruwan da na ɗebo daga akwatin nake zubawa a roba, in matse shi sau biyu ko uku, in mayar. Ruwan famfo idan akwai kulorin a ciki, aikin kulorin kashe bakteriya ne, bai kuma san na kirki da na banza ba.

Batun ruwa a garinmu ya bambanta gida zuwa gida. Wani famfo, wani rijiya, wani burtsatse, wani 'yan garuwa. Na famfo ina sa masa maganin kashe kulorin, ko in bar shi ya kwana a buɗe da famfon iska. Na burtsatse yakan fito da ƙarancin oksijin, wani kuma da ƙarfe a ciki har ya bar jan shafi a bokiti, shi ma sai ya kwana. Duk mako a sauya kashi ɗaya cikin huɗu, ana zuƙo dattin tsakuwa da tiyo. Ba a juye ruwan gaba ɗaya, ba a kwashe kifi a wanke akwati kamar tukunya, duk da cewa abin da yawancin masu gida ke fara yi ke nan idan suka ga ya yi datti.

Ado kuwa, wanda shi ne ke jawo mutane shago, na daɗe kafin in daina yi masa kallon kayan kwalliyar kanta. A akwatin amarya na zuba tsakuwa mai launi uku, ja da shuɗi da ruwan hoda, da fulawar roba, da wani ɗan gidan sarki na roba, na watsa wuri da bawon katantanwa don kyau. Wuri da bawon katantanwa alli ne a jikinsu, suna narkewa a hankali su sauya yanayin ruwa, abin da gupi ke jurewa amma wasu kifayen ba sa so. Yanzu duk dutsen da zan saka sai na ɗiga masa ruwan khal. Idan ya yi kumfa, akwai alli, in ajiye shi gefe. Dutsen da ake fasawa don gini, mai ƙyalƙyali fari da baƙi, ba ya kumfa, kuma idan aka zaɓi mara kaifi ya fi duk wata roba kyau. Ba sabulu, ba omo, ko a bokiti ko a hannu. Tsakuwa da ruwa zalla ake wanke ta har ruwan ya fito fes. Itace kuma sai busasshe mai tauri, a dafa shi ko a jiƙa shi makonni, in ba haka ba ya yi ta yawo a sama yana rina ruwa kamar shayi.

Wani abokin aiki ne ya fara nuna mini hotunan ayyukan Takashi Amano, ɗan Japan mai ɗaukar hoto da ya rasu a 2015, wanda ya sauya yadda duniya ke shirya akwatin kifi. Na ɗauki dare guda ina kallo. Ba gidan sarki, ba launi bakwai. Duwatsu uku ko biyar iri ɗaya, babban a gefe ba a tsakiya ba, ƙasan ya yi tudu ta baya ya gangaro gaba, dogayen tsirrai a baya, gajeru a gaba, sannan fili a buɗe inda kifi zai yi iyo. Sai ka ga kamar an yanko gefen rafi an ajiye a ɗaki. Ba zan iya duk abin da yake yi ba, don tsirransa na buƙatar haske mai ƙarfi da kulawar da yawancin gidaje ba za su iya ba. Amma na ɗauki tsarin. Na kuma lura cewa kifin da ke da wurin ɓuya shi ne ke fitowa fili, wanda aka bari a tsirara sai ya maƙale a kusurwa, launinsa ya koɗe.

Tsiron da na fi amfani da shi anubiyas ne, mai ganye kore mai kauri, wanda ke rayuwa da ɗan haske kuma kifin zinariya ba ya iya cinye shi. Na yi mamaki ranar da na gano cewa wannan tsiro da ake sayarwa a shagunan Turai da Asiya asalinsa rafukan dazukan kudancin Najeriya da Kamaru ne, nau'in da aka fi sani ma sunan Charles Barter aka sa masa, mai tattara tsirrai da ya bi ayarin Baikie, wani Bature mai binciken ƙasa, a kogin Kwara a 1857. Ba a binne kaurin jijiyarsa a tsakuwa, ruɓewa yake yi. Da zare ake ɗaure shi a jikin dutse ko itace, bayan wasu makonni ya kama da kansa.

Wurin ajiye akwati ma na sha gardama a kansa. Kowa na son kusa da taga. Rana idan ta bugi gilashi, mako biyu ya isa gansakuka ta rufe shi. Fitilar akwati awa shida zuwa takwas ta wadatar. Sai nauyi: litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, akwatin amarya da tsakuwarsa da gilashinsa ya doshi kilo 180. Teburin talabijin ba zai ɗauka ba. Tebur mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe daidai, a sa farin soso irin na kwalin firji a ƙarƙashin gilashin, don ƙwayar tsakuwa ɗaya a ƙasa na iya tsaga shi.

Akwai kuma abubuwan da littattafan da na karanta ba su tanada ba, don ba a Kano aka rubuta su ba. Yawancin kifayen ado suna son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 28. A watan Afrilu ɗakin da ba iska ruwansa na haura 30, ruwan ɗumi kuma bai riƙe oksijin kamar mai sanyi ba, sai a buɗe murfi, a juya fanka ta bi saman ruwan, a rage abinci. Da hunturu kuma ruwan na faɗuwa cikin dare, a lokacin ne fararen ɗigo kamar gishiri ke fesowa a jikin kifi, don haka ƙaramin hita a watan Disamba da Janairu ba almubazzaranci ba ne. Idan wuta ta ɗauke ta daɗe, ba kifi kaɗai ke shaƙewa ba, bakteriyar matata ma oksijin suke shaƙa. Shi ya sa ba na kafa akwati ban haɗa da ɗan famfon iska mai batir ba, ko in tabbatar an jona matatar da sola. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganin sauro na fesawa. Sinadaran da ke cikinsa, ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a wurin mutum, kifi ba ya jure su. Na san gidan da aka fesa falo da magariba aka rufe ƙofa, famfon iska ya yi ta zuƙar iskar ɗakin yana turawa cikin ruwa, da asuba ba ko ɗaya mai motsi. Yanzu kafin in karɓi kuɗina sai na ce a kira mini duk wanda ke fesa magani a gidan, in nuna masa da hannuna: a kashe famfon iska, a rufe akwatin da jiƙaƙƙen tawul, sai ɗakin ya sha iska a buɗe.

Abinci kuma mutum ɗaya a gida ake ɗora wa. Inda yara huɗu kowa ya wuce ya barbaɗa, ruwa ba ya kwana lafiya. Abin da kifi zai cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana.

Har yanzu ana kawo mana aikin jere, kuma har yanzu saura kwana uku ake zuwa. Abin da nake cewa shi ne, "Hajiya, zan jera miki duwatsu da tsirrai da haske, in sa kifi huɗu da tsohon soso daga shago. Duk mako biyu zan zo in gwada ruwan in ƙara wasu, ba sai an ƙara kuɗin zuwa ba." Wasu sukan tafi wani shagon. Da yawa sukan yarda idan na ba su labarin abin da na yi da hannuna.

Akwatin amaryar nan na sake shirya shi bayan wata biyu. Na kwashe tsakuwa mai launi da wuri, na sa yashi mai ɗan kauri da duwatsu biyar da anubiyas uku. Kifin zinariya biyun da suka tsira na mayar da su shago, cikin babban tanki, don suna kaiwa tsawon tafin hannu ko fiye, kuma sun fi son ruwa mai sanyi. Gupi huɗun na bari. Wata safiya ta turo mini hoto ta waya, ta zagaye wasu 'yan ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin ganye, tana tambaya ko tsutsotsi ne suka shiga. Na ce ta ƙara dubawa da kyau, za ta ga idanu. Gupi ba ta ƙwai, 'ya'ya take haihuwa rayayyu. Ta ƙirga tara, ta ce in taho mata da abincin jarirai.