Ranar da Minna ta kusa jefa mu ramin Wahba

Kwana huɗu ke nan da dawowata daga Umara, amma duk wanda ya zo yi mini barka da sauka sai ya tarar labarin wata 'yar na'ura nake ba shi, har uwargida ta fara yi mini tuni cewa dabino da zamzam mutane suka zo karɓa.

Bayan na gama ibada kwanaki sun rage mini, sai na wuce Jidda gidan Gwaggo, wadda ta zauna a can tun ba a haife ni ba. Autanta ne ya ja ni cikin wannan sha'ani. Hausarsa rabi Larabci ce, ba ya rufe baki bai ce "ya'ani" ba. Daren farko ya ɗauko wata GPS ta hannu ƙirar Garmin, kamar tsohuwar Nokia mai tocila, ya ce wasansu ke nan, jiyokashin. Wani zai ɓoye ɗan gwangwani da takarda a ciki, ya sa lambobin wurin a intanet, kai kuma ka bi na'ura ka nemo, ka rubuta sunanka, ka mayar yadda ka same shi.

Na ce, "Wato ba kuɗi a ciki?"

Ya ce, "Wallahi Yaya, ko halala ɗaya."

Gwaggo ta taɓe baki ta ce aikin marasa aiki.

Washegari da la'asar muka shiga Balad, tsohon garin Jidda, inda gidajen suke da tagogin katako da suka turo kai waje. Lungunansa sun tuna mini cikin gari wajen Kurmi, sai dai nasu benaye ne hawa huɗu, hawa biyar. A bakin titi na'urar ta yi lafiya lau. Muna kutsawa lungu ta rikice. Ta ce saura mita 4, ban ɗaga ƙafa ba ta ce 19, kibiyar ta juya ta nuna bangon gidan mutane. Auta ya ce in ɗaga kai. Sararin da ake gani bai fi faɗin tabarma ba. Ya ce taurarin ɗan'adam ɗin suna can sama da kilomita 20,000, kuma na'urar sai ta ji aƙalla huɗu kafin ta san inda take. Lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso take aunawa. A lungu kuwa saƙon ba ya zuwa kai tsaye, sai ya bugi bango ya dawo, ya iso a makare, ita kuma ta ɗauka nisa ne ya ƙaru. Jinkirin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, mita 300 ke nan. Sannan wanda ya ɓoye abin shi ma tasa na'urar ta yi masa nata kuskuren ranar da ya ɗauki lambobin, nasa da naka su haɗu.

Muna cikin lalube ramukan bango sai ga wani askar. Na yi masa sallama bai amsa ba. "Iƙama!" kawai ya ce, yana miƙo hannu yana kallon wani gefe. Na san baƙaƙe biyu suna shafa bangon mutane abin tambaya ne, ko a Fagge aka ga haka sai an tambaya. Amma amsa sallama ba ta rage wa kaki daraja. Ya duba takardar Auta, ya duba bizata a waya, ya jujjuya GPS ɗin kamar zai ji tana ƙara, ya cilla mana ya ce mu bar wajen. Ba mu samu gwangwanin ba.

A daren na yi ɓarnar da ta sa nake wannan rubutu. Auta ya yi barci, ni kuma ina ta latse-latsen na'urar, sai na faɗa wani dogon jerin sunaye. Ina gangarawa na ga Minna. Minna tamu ta jihar Neja, a cikin na'urar Bature, a Jidda! Daɗi ya kama ni, na danna mata, na kwanta.

Da asuba muka kama hanyar Ɗa'if, daga nan kuma wajen kilomita 250 zuwa Wahba. Mun sha mai a hanya, lita riyal biyu da 'yan kai, na buga lissafi da naira na yi shiru. A mota Auta ya ba ni lambobin na shigar da hannuna.

Wahba ba a ganinsa sai an zo bakinsa. Kana tafiya a fili mai baƙaƙen duwatsu, kwatsam ƙasa ta ƙare. Rami ne da aman wuta ya fasa, faɗinsa wajen kilomita 2, zurfinsa kamar mita 250, ƙasansa fari fat sai ka ce an shanya alawayyo. Nan ba bango, ba bene, na'urar ta ce kuskurenta mita 3 kacal. Muka bi kibiya da ƙarfin gwiwa har ta kai mu gaɓa, tsakuwa na zubewa ƙarƙashin takalmina, tana cewa saura mita 60, gaba. Gaban kuwa iska ce.

Auta ya karɓa ya duba, ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, "Yaya, wa ya taɓa wannan?"

Ashe jerin nan na ma'aunan taswira ne. Kowace ƙasa da wanda aka zana tsofaffin taswirorinta a kai: namu Minna, na Sudan Adindan, na Saudiyya Ainul Abdi. Masu wasan kuwa duk duniya WGS 84 suke amfani da shi. Lamba ɗaya, ma'auni daban, sai wuri ya gusa kusan mita 100. Ya ce na mayar da mu kafin shekarar 2000, lokacin da sojan Amurka ke dagula saƙon da gangan don kada farar hula su samu daidai. Clinton ne ya sa aka daina a farkon Mayun shekarar, kwana ɗaya tsakani wani mutum a Oregon ya ɓoye bokiti a daji, wasan ya samo asali.

Ya gyara, ya sake shigar da lambobin. Inda ta ce sifiri babu komai sai ƙasa. Auta ya sa ta a aljihu ya ce yanzu aikin ido ne. Taku takwas daga nan na hango duwatsu uku da aka jingina yadda iska ba ta jingina dutse. Ƙarƙashinsu robar abinci ce, da ɗan littafi da rana ta gasa, da fensir guntu. Na rubuta kwanan wata, na ƙara da "Kano".

Ina tsugune a wurin dillalan filayenmu suka faɗo mini, masu tsayawa a kusurwar fegi da waya su ce ga iyaka. Fegi ƙafa hamsin mita 15 ne da ɗan kai. Abin da ke kuskuren mita 3 zuwa 5 a fili fetal, da shi ake raba maƙwabta, sai an fara gini a kwashi juna zuwa wajen mai unguwa.

A hanyar dawowa wani dattijo mai raƙuma ya ɗaga mana hannu, ya rantse sai mun sauka. Gahawa mai ɗaci a 'yan ƙananan kofuna, da dabino. Na sha kofi biyar don ban san sai ka girgiza kofin ake daina zubawa ba. Da na zaro kuɗi ransa ya ɓaci sosai, sai da Auta ya ba shi haƙuri ya ce baƙo ne.

Ɗa'if sanyi, birai a gefen titin Hada, turaren wardi da na ji kuɗinsa na ajiye. Sai Jidda, sai awon kaya, inda aka ce na yi nauyi da kilo uku. Auta ya so ya ba ni GPS ɗin tsaraba, Gwaggo ta hana, ta ce in ya ba ni wata rana a rijiya za a tsamo ni.