Rukunan Kundin Bayani: Abin da Na Koya Wajen Tsara Namu

A kamfanin da nake aiki muna da manhajar lissafin kaya ta masu shagunan magani, kuma kundin bayaninta, wato shafukan da ke nuna yadda ake amfani da ita, ya taɓa kaiwa inda mu kanmu masu rubuta shi sai mun sha wuya kafin mu lalubo abu a ciki. Rubutu kam akwai shi jingim. Matsalar ita ce duk wanda ya gama shafinsa sai ya ƙirƙiro masa rukuni: wannan ya sa "Girkawa", wancan "Fara Amfani", wani kuma "Saitin Farko", alhali abu ɗaya suke nufi. Ga rukunin "Sauransu", wanda ya fi kowanne ƙiba.

Da aka ba ni aikin gyara, na fara da duba yadda magabata suka yi. Tun 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da littafin jagora na farko na Unix, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a cibiyar bincike ta Bell Labs, a kashe shi sashe-sashe da lamba, kuma har yau a kan wannan turba Linux, wanda aka gina a kan salon Unix, yake tafiya. Sashe na 1 na umarnin mai amfani ne, na 5 na tsarin fayiloli, na 8 na mai kula da na'ura, har wasanni suna da nasu, na 6. Ka rubuta man 1 passwd (man shi ne umarnin buɗe littafin jagoran), a nuna maka yadda ake canza kalmar sirri. Ka rubuta man 5 passwd, a bayyana maka abin da ke cikin fayil ɗin masu amfani. Suna ɗaya a wuri biyu, babu ruɗani, domin lambar ta riga ta faɗi irin tambayar da ka zo da ita.

Wannan shi ne babban abin da na riƙe: da tambayar mai karatu ake yanka rukuni. Tsarin Diátaxis na Daniele Procida ya kasa kundi gida huɗu: darasin mai koyo, matakan yin wani aiki, bayanin da ake dubawa a wuce, da sharhin dalili. Kundin Django, manhajar gina shafukan intanet, haka yake a kashe, kamfanin Canonical mai Ubuntu (wani nau'in Linux) ma ya ɗauke shi. Mu ma shi muka bi.

Shafin "mayar da kaya" ne ya nuna mini amfaninsa. Wata mai tsaron shago ta kira, ga mai saye tsaye a gabanta: "Malam, an dawo da kwalin magani, ya zan cire shi daga cinikin yau?" Shafin namu ya fara ne da doguwar magana kan yadda manhajar ke lissafin riba, matakan da take nema suna can ƙasa. Mun raba shi uku. Matakan suka zama layi biyar, jerin lambobin kuskure ya koma wurin dubawa, sharhin riba kuma ya tafi inda mai shago zai karanta shi a natse bayan an rufe.

Wahalar gaske tana wajen hana sabon rukuni tsirowa. Kowane sashe na kamfanin yana ganin aikinsa ya cancanci nasa, masu rasit ma sai da muka yi ta ja da su. Daga ƙarshe muka rubuta sunayen rukunan a fayil guda, kowanne da jimla ɗaya mai faɗin abin da ke shiga cikinsa, kuma ba a ƙara sabo sai masu amsa kiran kwastomomi sun yarda, tunda su ke jin tambayoyin da kunnensu. "Sauransu" muka goge shi ɗungurum.

Abu ɗaya ne ya ƙi zama cikin huɗun: sanarwar abin da ya canza a kowane sabon sigar manhaja. Ba mu tilasta shi ba, muka ba shi rukuni na biyar, a jere da kwanan wata, sabo a sama.