Ba kullum ba ne laifin rezo

Nan Tawa da bidiyo ya fara tsattsayawa a ordinateri sai kowa ya ce rezo ne, a yi tsaki a rufe. To wani lokaci gaskiya ne amma ba kullum ba fa, kuma ganewa ba wuya. Ku duba layin nan na ƙasan bidiyo a YouTube, jan shi ne inda kake kallo, toka-tokan kuwa abin da ya riga ya sauko, in jan ya cim ma toka-tokan sannan ɗan zoben nan ya kama juyawa, e wannan koneksiyon ne. Amma in toka-tokan ya yi gaba can da nisa, murya na tafiya lafiya lau hoto kuwa sai tsalle yake, wallahi injin ne ya gaji, ko forfe na jikka goma ka saya ba abin da zai canza.

Na koneksiyon ba shi da dogon zance. Shiga fast.com ka ga ƙarfin da kake samu. YouTube da kansu sun ce hoto mai ingancin 720p na son wajen megabit 2,5 a sakan, 480p kuwa 1,1 ya isa, to danna ɗan ƙarfen nan mai haƙora da ke jikin bidiyon ka sauke ingancin hoton 480 ko ma 360, wa'azi ko darasi kake saurare ba ƙirga gashin gemun malam ba. Sannan Windows 10 na da hali, da ka raba mishi koneksiyon daga salula sai ya hau sauke sabbin kayanshi a ɓoye yana cinye ma mega, je wajen wifi ka kunna "connexion limitée". Yaran gida da ke TikTok a kan wifi ɗin su ma a ƙirga da su.

Injin shi ne inda mutane ba su dubawa. Yawancin namu okaziyo ne, wasu har yanzu Windows 7, alhali Chrome ya tsaya a lamba 109 gare shi tun farkon 2023. Kuma YouTube na turo bidiyo da tsarin VP9 ko AV1 wanda tsohon inji ke shan wuya kafin ya warware, shi ya sa nake sa ma mutane h264ify a Chrome, ɗan ƙari ne kyauta mai tilasta a turo H.264, shi tsoffin injuna sun san shi. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, za a nuna ma aikin da injin ke yi, in ka ga prosesar, wato ƙwaƙwalwar injin, na 100% to ka kama ɓarawon.

Sai zafi. Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40, ƙurar hunturu ta riga ta toshe fankar ciki, kuma mutum ya ɗora ordinateri portabul bisa katifa ya rufe mishi hanci. In ya yi zafi da kanshi yake rage gudu don kar ya ƙone, shi ya sa bidiyo ke farawa lafiya sai can tsakiya ya lalace. Ɗora shi bisa tebur, a ɗan ɗaga bayanshi, ka kai ma mai gyara ya buɗe ya hure ƙurar ya sake man nan da ake shafa ma prosesar.