Abin da haɗa batirin litiyom ya koya mini a zafin Kaduna

Duk wanda ya shigo shagonmu neman batirin sola, buƙatarsa kusan ɗaya ce: ya ɗauki firji da fanka har asuba, kada ya ci wuri, kada kuma ya yi tsada. Ba na ganin laifin kowa, rashin wuta ne ya kai mu nan. Amma yawan wutar da za ka cusa a ƙaramin akwati da lafiyar masu kwana kusa da akwatin ba koyaushe suke jituwa ba. Kuma mai haɗawa ne ke yanke hukunci, domin mai saye murfi kawai yake gani.

Na fara aiki da ƙwayoyin batir, wato ƙananan batiran da ake jerawa a haɗa babba, irin waɗanda ake kira 18650, masu faɗin milimita 18 da tsawon 65, waɗanda ake ɓarowa daga tsofaffin batiran laftof. Maigidan da ya koya mini sana'a yana da doka: ba ƙwayar da za ta shiga haɗi sai an cika ta zuwa bolt 4.2, an sauke ta an auna abin da ta riƙe, sannan an ajiye ta mako biyu. Wadda wutarta ta zube tana ajiye, shara. Dalilinsa shi ne, idan ka haɗa ƙwayoyi kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ta samu matsala a cikinta, sauran duk za su juye mata wutarsu. Rubutun jiki kuwa ba abin dogaro ba ne. Za ka ga an buga 9900mAh, wato adadin wutar da aka ce tana riƙewa, alhali ta gaske ba ta cika wuce 3500 ba. Ɗora ta a sikeli: mai kyau tana kai giram 45 ko fiye, jabu sakayau take.

Sai da na gane yadda gobarar batir ke tashi sannan hannuna ya nutsu. A cikin kowace ƙwaya akwai faifai biyu da aka naɗe, tsakaninsu wata siririyar leda da ba ta kai kaurin gashi ba. Ita kaɗai ce ta raba su. Idan zafi ya kai wajen digiri 130 sai ta fara narkewa, faifan su taɓa juna, zafi ya ƙaru, ruwan da ke ciki kuma mai kama wuta ne. A irin ƙwayoyin da ke da nikel da kobalt, sinadarin da kansa yana sakin iskar da wuta ke ci da ita, shi ya sa lulluɓe shi da bargo ko yashi ba ya tsayar da abin da ke faruwa a ciki. Daga nan zafin ya haura maƙwabciya, kamar rumfunan kasuwa da suka haɗa bango.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana wannan. A 2016 Samsung ta janye wayar Galaxy Note 7 gaba ɗaya, kuma bincikenta ya nuna cewa a wani rukuni na batiran wurin ya matse har faifan suka lanƙwashe a kusurwa, a wani rukunin kuma tsinin walda ne ya huda ledar. A Janairun 2013 aka dakatar da jiragen Boeing 787 daga tashi na kusan wata uku saboda batiransu. Gyaran da suka yi ne ya fi tsaya mini a rai. Ba su ce ƙwaya ba za ta sake lalacewa ba. Sun sa abin tare zafi tsakanin ƙwayoyin, suka rufe su a akwatin ƙarfe, suka ja bututun da zai fitar da hayaƙi wajen jirgin. Sun yarda nauyi ya ƙaru. Tun daga nan tambayar da nake fara yi wa kowane zane ita ce: ranar da ƙwaya ɗaya ta kama, ina zafinta zai bi, ina hayaƙinta zai fita?

Wannan ne ya sa na bar masu nikel da kobalt a aikin gida, na koma LFP, wato mai ƙarfe da fosfet. Gaskiya ne ba ta kai su ɗaukar wuta ba: kilo ɗaya nata yakan riƙe abin da bai cika wuce wat 160 na awa guda ba, su kuwa suna haura 200. To amma batirin gida ba yawo yake ba. An ajiye shi a lungu, shi ke nan. Me zai sa in sayi sauƙin nauyin da ba wanda zai amfana da shi, in biya da haɗarin gobara a gidan da yara ke kwana? LFP ta fi jure zafi, ta fi daɗewa, kuma har yanzu wutar da kilo ɗaya nata ke riƙewa ta ninka ta batirin ruwa fiye da sau biyu. Ƙwayoyi 16 a jere, kowace bolt 3.2, sun ba ka 51.2. Iyakar cajinsu 58.4 ne, amma ni a 56 nake tsayar da inbata. Ɗan abin da aka bari bai taka kara ya karya ba, ƙwayoyin kuma sun huta.

Zafin garin nan shi ma sai an yi lissafi da shi. A Maris da Afrilu, ɗakin ajiya mai rufin kwano ba silin yana iya wuce digiri 45, iyakar da masu ƙera ƙwayoyi da dama suka yarda a yi caji. Kuma sola da tsakar rana take tura wuta mafi yawa, daidai lokacin da ɗakin ya fi gasuwa. Saboda haka allon tsaro na BMS, wanda ke lura da ƙwayoyin ya yanke wuta in an samu matsala, ba na sa wanda ba shi da ma'aunin zafi, kuma ma'aunin a tsakiyar haɗin nake manna shi, ba a gefe ba. Idan na kai aikin akwati wajen maƙeran Panteka, nakan ce: "Oga, a ƙara mini yatsa biyu ta kowane ɓangare, a huda sama, a sa raga saboda ƙurar hunturu." Sukan ce ƙarfe zai ƙaru. Ya ƙaru.

Ƙananan abubuwa kuma suna da yawa. Zaren nikel da ake walda ƙwayoyin da shi akwai na gaske, akwai baƙin ƙarfe da aka shafa wa nikel. Goga shi a injin wasa wuƙa, in ya yi tartsatsi sosai ƙarfe ne, zai yi zafi. Waya kada a tsuke ta, domin idan wutar da ke bi ta ninka, zafin sau huɗu yake ninkawa. Fiyus a bakin batir, ko da akwai BMS.

Inda har yanzu nake shan wahalar zaɓi shi ne batirin keke da babur masu lantarki. Nan nauyi kuɗi ne, wuri kuma babu, ga ramukan hanya suna jijjiga walda kullum. Mai keke zai ce: "Malam, ƙara mini layi ɗaya in kai Kawo in dawo Sabon Tasha ban tsaya caji ba." Ina jin zafin maganarsa, abincin iyalinsa ne. Amma idan layin zai cinye tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin, ba na ƙarawa. Nakan ba shi shawarar batir biyu da zai riƙa musanyawa, ɗaya na aiki ɗaya na caji a inuwa, nesa da ƙofar ɗakin kwana. Wasu sukan yarda, wasu su tafi wani shagon.