Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Faɗuwata da Faɗuwar Auta

A makon jiya na tsaya inda dangin wanda zai aure ni suka aiko aka kwashe kayan sa rana daga ɗakin Inna. Matar da ta jagorance su ba ta ɓoye dalili ba. Ta ce abin a jinin gidanmu yake, tun da ga ƙanena yana faɗuwa, ga ni ma na faɗi a gaban idonsu, su kuwa ba za su kai farfaɗiya cikin zuri'arsu ba. Inna ba ta ce uffan ba har suka fita. Sai da ta ji ƙarar rufe ƙofar zaure sannan ta zauna a bakin gado ta rufe fuskarta da mayafi.

Faɗuwar da suke magana a kai ita ce ta uku. Ta farko a makaranta ce, a filin asambuli, cikin zafin Afrilu, mun daɗe a tsaye ban karya ba. Ta biyu da azumi, dab da magariba, na jima a tsugune ina tuyar ƙosai sai na miƙe da sauri. Ta ukun a gidan biki ne, wajen kamu. An ɗauke wuta, ɗaki cike da mata, hayaƙin turaren wuta ya turnuƙe, ni kuma ina tsaye jikin bango. Na ji jiri, zufa ta karyo mini, kunnuwana suka toshe, maganar mutane ta koma kamar daga cikin rijiya, idona ya yi duhu. Da na buɗe ido sai na ga an dare an bar ni a tsakiya. An ce hannuna da ƙafata sun yi fizge-fizge. Wata ta ce, "Irin ta ƙaninta ce, kada ku taɓa yawunta." Daga wannan rana sunan ya bi ni.

Auta kuwa tasa ta daɗe. Yana ɗan shekara uku aka yi annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 11,000, akasari a Arewa. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi, amma bayan wasu shekaru ya fara faɗuwa. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an yi ruƙiyya, an ware masa kwano da moɗa. Haƙorinsa na gaba guda ya karye ranar da wani maƙwabci ya tura masa cokali a baki. A gwiwar hannunsa akwai tabon wuta, na ranar da abin ya tashi yana kusa da murhu.

Bayan an fasa aurena, Baba ya je kemis ya ba da labari, aka ba shi ƙwayar fenobabiton, maganin farfaɗiya, aka ce in riƙa sha kullum. Ba wanda ya gan ni, ba wanda ya yi mini tambaya ko ɗaya. Wata tara ina sha. Na zama kullum cikin barci-barci, in ɗauki littafi in kasa gane layi biyu, jama'a kuma suka ce ai ga shi nan, ciwon ya fara taɓa mata kai.

Gwaggo ce ta ƙi yarda. Ta yi aikin jinya shekaru da yawa kafin ta yi ritaya, kuma ita kaɗai ce Baba ba ya iya musa wa. Ta ce a kai mu asibitin koyarwa a Kano, ni da Auta, kuma dole Inna ta bi mu. Baba ya ce me Inna za ta je yi, ai ba ita ce marar lafiya ba. Gwaggo ta ce, "Wanda ya faɗi bai san yadda ya faɗi ba. Wanda ya gani shi likita yake nema."

Mun fita bayan sallar asuba, ba mu ga likita ba sai wajen azahar. Na zaci na'ura zai fara sa mini a kai. Sai ya ajiye biro ya ce in ba shi labarin kowace faɗuwa daga farko. A tsaye nake ko a zaune? Na ci abinci? Me na ji kafin in tafi? Da na farfaɗo, na san inda nake? Na taɓa faɗuwa ina kwance, ko cikin barci? Na ce ban taɓa ba. Ya tambaya ko na taɓa faɗuwa ina cikin gudu ko ɗaukar kaya mai nauyi, ko na ji zuciyata tana bugawa da sauri kafin abin ya zo, ko a danginmu akwai wanda ya yanke jiki ya mutu yana matashi ba tare da jinya ba. Duk na ce a'a. Ya ce yana yin waɗannan tambayoyi ne domin akwai suman da daga zuciya yake, shi ne mai haɗari, kuma ba a wasa da shi.

Sannan ya juya wajen Inna. "Mama, ku da kuka ga faɗuwar su biyun, iri ɗaya ce?"

Inna ba mai magana a gaban maza ba ce. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Likita, ba iri ɗaya ba ce. Ita in za ta faɗi sai ka ga leɓenta ya yi fari, ta jiƙe da gumi, ta sulale kamar zani ya zame daga igiya. Shi kuwa ƙara yake yi, ya sandare, ya faɗi kamar an sare itace."

Likita ya ce ta ci gaba. Ta ce Auta yakan sandare tukuna, kansa ya juya gefe guda, sannan jijjiga ta kama shi gaba ɗaya, a jere kamar ana kaɗa shi, har ta riƙa raguwa. Leɓensa ya yi baƙi, kumfa ta fito, wani lokaci da jini. In ta sake shi sai minshari mai nauyi. In ya buɗe ido bai san kowa ba, har ita yakan kalla kamar baƙuwa, ya yi ta lalube, sannan ya yi barcin awa biyu ko uku ya tashi da ciwon kai da ciwon jiki. Kuma sau da yawa cikin dare abin yake zuwa, yana kwance. "Ita kuwa," in ji Inna, "kafin in ɗebo ruwa a randa ta buɗe ido, tana gyara ɗankwalinta tana tambaya ko mutane sun gan ta."

Na zauna ina kallon mahaifiyata. Shekara da shekaru tana ɗauke da wannan sani a cikinta, ba wanda ya taɓa tambayarta. Da a ce ranar bikin nan wani ya ce, "Inna, ke me kika gani?" da wataƙila rayuwata ta bi wata hanyar.

Likita ya ce Auta ya fito da harshensa. A gefen harshen akwai tabon cizo, tsoho da sabo. Ya duba nawa, babu komai. Ya ce cizo a gefen harshe alama ce mai ƙarfi ta farfaɗiya, mai suma kuwa in ma ya ciji harshe, yawanci a tsini ne, garin faɗuwa. Gwaggo ta kawo maganar fitsari, domin a faɗuwata ta biyu na ɗan jiƙa zanina, abin da ya fi komai ba ni kunya. Ya ce fitsari ba ya raba gardama, yana kufce wa mai suma kamar yadda yake kufce wa mai farfaɗiya.

Ni dai fizge-fizgen nan ne ya tsaya mini a rai, don shi ya jawo mini sunan. Ya yi mini bayani a hankali. Suma, in ji shi, jini ne yake raguwa zuwa ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Tsayuwa mai tsawo, zafi, yunwa, ƙishirwa, tsoro, ganin jini, miƙewa da gaggawa, duk suna sa jini ya taru a ƙafafu, bugun zuciya ya yi ƙasa. Da mutum ya kwanta a ƙasa jini ya koma kai, sai ya farfaɗo, yawanci ƙasa da minti ɗaya. A cikin waɗannan daƙiƙu gaɓoɓi suna iya fizga sau kaɗan, ba a jere ba, kuma bayan an riga an faɗi. Farfaɗiya kuwa daga cikin ƙwaƙwalwar take tasowa: saƙonnin da take aiki da su, masu kama da wutar lantarki, su ne suke rikicewa su tashi gaba ɗaya. Jijjigar takan ɗauki minti ɗaya zuwa uku, ƙwaƙwalwa kuma ta gaji, shi ya sa ruɗewa da barci suke biyo baya. Shekaru bayan haka na karanta wani bincike da likitoci suka yi a Balin ta Jamus a 1994, inda suka sa matasa masu lafiya suka suma da gangan ana ɗaukarsu a bidiyo. Kusan 9 cikin 10 sun yi fizge-fizge, suman kuma bai wuce kimanin daƙiƙa 12 ba. Na yi kuka ranar da na karanta. A kan abin da yake samun mai lafiya aka fasa aurena.

An auna hawan jinina ina kwance, aka sake aunawa ina tsaye. An yi mini gwajin zuciya na ECG, ya fito lafiya. Gwajin jini ya nuna jinina ya yi ƙasa, aka rubuta mini maganin ƙarin jini. Auta aka ba shi ranar da zai dawo a yi masa gwajin ƙwaƙwalwa na EEG, wanda ake manna wayoyi a kai, amma likita ya ce ko da gwajin bai nuna komai ba, hakan ba ya kore ciwon, labarin Inna ya fi masa nauyi. Ya ce idan abin ya sake tashi kuma akwai waya a kusa, wani ya ɗauki bidiyo bayan an tabbatar yaron ba ya cikin haɗari. Fenobabiton ɗin da nake sha kuwa ya gargaɗe ni kada in yanke shi rana ɗaya, domin yankewar kanta tana iya jawo jijjiga ga wanda bai taɓa yi ba. Ya tsara mini yadda zan riƙa ragewa cikin makonni. Ya ce duk lokacin da na ji jirin nan da zufa, kada in yi ta maza saboda kunyar mutane, in kwanta nan take in ɗaga ƙafafu, in kuwa ba hali in zauna in sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi. In riƙa shan ruwa sosai, in daina fita ban karya ba.

Da ya ce, "Abin da yake damunki suma ce, ba farfaɗiya ba," ban san lokacin da na ɗaga hannu na ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya raba ni da ita!" Da ƙarfi na faɗa. Auta yana zaune kusa da ni a kan benci. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Har yau in na tuna wannan lokaci sai zuciyata ta yi nauyi.

Ina jin likita ya lura, don sai ya jawo kujerarsa kusa da Auta ya dafa kafaɗarsa. Ya ce masa ciwonsa yana da magani. Ya ce tabon da sanƙarau ya bari a ƙwaƙwalwa ne mai yiwuwa ya haddasa shi, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko wahalar haihuwa, ko buguwar kai a haɗarin babur suke haddasa wa wasu, kuma irin wannan ba gado ba ne. Ba a ɗaukarsa ta yawu, ko ta kwano, ko ta taɓawa. Ya rubuta masa kabamazafin, safe da dare, ba fashi ko da ya yi watanni bai faɗi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne suke da farfaɗiya a duniya, kuma har 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. Auta ya yi shekaru yana faɗuwa a garin da ake sayar da wannan ƙwaya a bakin kasuwa.

Ya koya wa Inna abin da za a yi. A janye wuta da ƙarfe da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a sa masa cokali ko yatsa ko ruwa a baki. In jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta a gefe. A duba agogo: in ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, a nufi asibiti. Kada ya je rijiya ko rafi shi kaɗai, kada ya hau bishiya, kada ya zauna dab da murhu.

A mota muna komawa, bayan mun wuce gari an fara ganin gonaki, Auta ya matso ya ce a hankali, "Yaya, ke nan yanzu ni kaɗai ne?" Na kasa ba shi amsa. Na riƙe hannunsa har muka sauka a tasha. Da muka isa gida na ɗauko kwanon da aka ware masa na kife shi a bayan randa, na zuba mana tuwo a kwano ɗaya. Inna ta gani ba ta hana ba.

Kwana huɗu bayan haka, wajen ƙarfe biyun dare, muka ji ƙarar nan tasa. A da in na ji ta, bargo nake ja in rufe kaina. Ranar na tashi na kunna tocila, na janye fitilar ƙwai daga kusa da shi, na tura masa filo, na hana Baba danne ƙafafunsa, ina kallon agogon bango. Saura kaɗan a cika minti biyu jijjigar ta sake shi. Na juya shi gefe, na share masa baki da gefen zanina, na zauna har ya buɗe ido ya gane ni.

Da safe Baba ya kira ni zaure. Takardar likita tana hannunsa, ya ce yana so ya aika da ita gidan waɗanda suka fasa, su ga cewa 'yarsa ba ta da farfaɗiya. Ya ce me na gani. Amsar da na ba shi, da abin da ta jawo tsakaninsa da Gwaggo, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.