TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 7): Mai Agashen Khartum

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya ne a inda na rubuta JAMB sau biyu ban samu gurbin da nake so ba, shekara biyu cur ina zaune a shagon Yaya a Kasuwar Barci ina ninke gwanjo, abokaina da muka gama sakandare tare wasu har sun shiga aji biyu. To a ƙarshen 2017 ne Baba ya yanke shawarar in tafi Sudan in karanta haɗa magunguna, wato famasi, saboda ɗan wani abokinsa yana can kuma ya ba shi labarin cewa karatun yana tafiya babu yajin aiki.

Matsalar kuɗi ce. Kuɗin makaranta da dala ake biya, dala kuwa lokacin tana wajen naira 360 a hannun 'yan canji, Baba kuma ma'aikaci ne da ya yi ritaya, abu ɗaya da ya mallaka bayan gidan gado na Tudun Wada shi ne filinsa na Rigasa, filin da tun muna yara yake kai mu ranar Asabar yana nuna mana da sanda yana cewa nan ɗakin Umma, nan zaure, nan za a haƙa rijiya. Wannan filin ya sa a kasuwa.

Ranar da Baffa ya ji labari bayan isha'i ya shigo, ko zama bai yi sosai ba. Ina tsugune a bakin ƙofar zaure ina jin su. Ya ce wa Baba, "Yanzu kai ƙasa za ka sayar ka sayi iska? Yaron da bai taɓa wuce Zariya ba za ka ɗauka ka jefa cikin Larabawa?" Baba bai ce komai ba, shi ƙanen Baffa ne, kuma Baba mutum ne da ba ya mayar wa na gaba da shi magana. Sai Baffa ya juyo ya kalle ni, ya ce, "Kai kuma ka sani, kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Na ce, "Baffa ku yi mini addu'a dai." Ya shura takalmansa ya fita, bai yi ba.

Wallahi wannan maganar ita na ɗauka a ka tun daga tashar jirgin ƙasa ta Rigasa har Idu, daga filin jirgin Abuja har Adis Ababa inda muka sauya jirgi, har muka sauka Khartum. Ta fi akwatina nauyi, alhali akwatin Umma ta cika shi da kuka da daddawa da yaji da kilishi da garin kunu har sai da aka ce mu rage a wajen awo.

Zafin garin ba zan tsaya a kansa ba, duk wanda ya je ya sani, zafin Kaduna na watan Afrilu wasa ne, ga wata guguwar ƙura da suke ce wa habub wadda take tasowa kamar bango ta mayar da la'asar dare. Abin da ya fi karya min zuciya shi ne harshe. Ni da na yi Islamiyya shekara da shekaru, na sauke Alƙur'ani, na karanta Ahalari da Iziyya da ɗan Nahawu, na ɗauka Larabci ba zai ba ni wahala ba. Ashe na kasuwa daban na littafi daban. Mai raksha, wato keke napep ɗinsu, zai ce maka "ya zol, mashi wen?" kai kuma kana lalubo jimla irin ta littafi, kafin ka haɗa ta ya gaji ya ja kekensa. A aji da Turanci ake koyarwa a rubuce, amma malami yana tsaka da bayani in abu ya yi daɗi sai ya zarce da Larabcinsu, 'yan ƙasa su yi ta gyaɗa kai, mu baƙi mu zuba ido. Watanni uku na farko da daddare nake sake karanta duk abin da aka yi da rana, ni kaɗai da littafi da ƙamus. Ga zirga-zirgar takardar zama, iƙama, gwajin jini, hoto, layi tun asuba. Ga abinci, safe ful da burodi, dare ful da burodi, wake ne babba da ake dafawa a wata tukunya mai ƙaramin baki a dame shi da man riɗi, yanzu kam kewarsa nake yi amma a lokacin in na gan shi tuwon Umma kawai nake tunawa. Sau nawa na kwanta a kan katifa ina kallon fanka ina cewa a raina ko dai Baffa ya yi gaskiya.

Wani babban ɗalibi ɗan Katsina da ke ajin ƙarshe shi ya lura na rame. Wata Alhamis da yamma ya ce in taso mu je in ci abin gida. Muka hau mota muka yi kudancin gari, muka sauka a wata unguwa ta talakawa, tun daga nesa na ji ƙamshin da na sani, ƙamshin ƙuli da yaji a kan wuta. Tsire ne, tsire sak irin na bakin titin Tudun Wada, an soke shi a tsinke an jera kewaye da garwashi. Na ce menene sunansa a nan, ya ce agashe. Duk Sudan haka suke kiransa, Balarabe da wanda ba Balarabe ba, kuma kalmarmu ce, a gashe.

Mai naman dattijo ne, fari fat gemunsa, da jallabiya da rawani irin nasu, in ka gan shi ba za ka taɓa cewa ba Basudane ba ne, kuma Basudanen ne. Yana juya tsinke yana jin muna hira, sai kawai ya ɗago ya ce, "Samari, sannunku da zuwa. Wannan baƙo ne ko? Ɗan wace ƙasa?" Da Hausa. Jikina har rawa ya yi. Na durƙusa na gaishe shi na ce Baba daga Kaduna nake. Ya ce Kaduna bai san ta ba sai a rediyo, amma kakansa mutumin ƙasar Kano ne, da ƙafa ya fito zai je hajji shi da matarsa da jaki ɗaya, suka yi shekaru a hanya suna tsayawa suna noma suna ƙara gaba, da suka iso nan guzuri ya ƙare suka tsaya aikin auduga a Jazira, aka haifi babansa, aka haife shi, shi ko sau ɗaya bai taɓa taka Najeriya ba. Amma Hausarsa wallahi ta fi tawa tsabta, babu Turanci ko ɗaya a ciki, irin Hausar da nake ji a bakin kakata kafin ta rasu, sai dai jefi-jefi ya sako Larabci. Ya tambaye ni ko ganuwar Kano tana nan, ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata. Ya naɗe min nama a takarda ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce, "Ɗana, yau kai baƙona ne, gobe ka biya."

Daga baya ne na san yawansu. Fallata ake ce musu, wasu su ce Takari, suna nan a Khartum da Omdurman da Gadarif da Kasala da Fot Sudan, har akwai gari sukutum a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar mai suna Mai Wurno, sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne wanda ya jagoranci jama'a suka yi gabas bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Ni da na yi tarihi a sakandare ba wanda ya taɓa faɗa min inda mutanen nan suka ƙare, sai a gaban tukubar mai nama na ji. Mutane sun bar gida sama da shekara ɗari, jikokinsu suna gaisuwa da "ina kwana", suna dama fura, suna tambayar ganuwa. A daren nan da na koma ɗaki na so ƙwarai in kira Baffa in tambaye shi wane gida ne ya bar waɗannan, amma tarbiyya ba ta bari ba, kuma har yau ban tambaye shi ba.

Tun daga nan kusan duk Alhamis ina wajen Baba mai agashe. Ko ban da kuɗin nama zan je in zauna a benci in sha shayi wajen matar da ke gefensa mai kanun garwashi da kwalaben citta da kirfa da na'ana'a, shi ne ma ya koya min Larabcin kasuwa, in na faɗi abu ba daidai ba ya gyara min da Hausa.

2018 ta zo da wahala. Kuɗinsu ya faɗi, banki babu takardar kuɗi, sai ka ga layi a gaban na'urar cire kuɗi tun dare, layin mai daban layin burodi daban. A watan Disamba aka mayar da burodin fam 1 ya koma fam 3, mutanen Atbara suka fito zanga-zanga, abu ya bazu ko'ina, aka rufe jami'o'i wata da watanni, har aka sauke Umar al-Bashir ranar 11 ga Afrilun 2019 bayan shekara talatin a mulki. Mu da aka ce mun gudo daga yajin aiki. Masu hali suka sayi tikiti suka koma gida hutu, ni kuwa na san da me aka biya kuɗin zuwana, ba zan buɗe baki in ce Baba ya aiko da na jirgi ba. Na zauna. A watannin nan akwai ranakun da abin da na ci duka daga gidan dattijon nan ya fito, yaronsa zai kawo min kisra, wata waina mai faɗi ta garin dawa, da miya a kwano a rufe da faranti, in na yi godiya ya ce Baba ya ce kar in sake.

Bari in tsallaka zuwa abin da ya sa ma nake wannan rubutun, don tun ɗazu shi ke cina. Azumin 2020, lokacin korona, Kaduna a kulle, Najeriya ta rufe filayen jirgi tun watan Maris, Sudan ma haka. Da asuba bayan sahur wayar Yaya ta shigo, ina ganin kiran a wannan lokacin gabana ya faɗi. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba ya cika." Ko awa biyar ba a yi ba aka kai shi. Ban ga fuskarsa ba, ban ɗauki makara ba, ban zuba ƙasa ba. Mutumin da ya sayar da ɗakin Umma da zaure da rijiya saboda ni.

Da yamma aka miƙa wa Baffa waya in yi masa ta'aziyya, ya amsa, ya ce Allah ya jiƙansa, sai ya ƙara da cewa, "Ai na faɗa maka tun ranar nan." Bai ƙarasa karin maganar ba, ba sai ya ƙarasa ba. Ni dai na ce, "Haka ne Baffa, Allah ya ba mu haƙuri," na kashe waya. Na yafe masa abubuwa da yawa a rayuwa, har da maganar da ya yi wajen rabon gado wadda zan kawo a gaba, amma wannan ɗin ina ƙoƙari har yanzu, Allah ya sani ina ƙoƙari. Ranar da uban mutum ya rasu ba ranar cin gardama ba ce.

Ban san wanda ya kai wa Baba mai agashe labari ba. Washegari bayan la'asar, duk da dokar hana fita da aka sa a Khartum, sai ga shi a ƙofar gidan da muke haya shi da dattawa huɗu na unguwarsu, sun biyo lungu da ƙafa. Suka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, suka ɗaga hannu aka yi fatiha irin yadda 'yan Sudan ke yi, sannan ya dafa kaina ya ce, "Ɗana, ya haƙuri? Allah ya jiƙan malam, Allah ya sa ya huta, Allah ya sa bakin wahalarsa ke nan." Kalma a kan kalma irin yadda na san ana faɗa a ƙofar gidanmu a Tudun Wada a daidai wannan lokacin. A nan ne na yi kukan da na kasa yi tun asubar jiya. Kwana uku suna zuwa, su suka kawo abin buɗe baki, ranar uku suka tara yara aka sauke Alƙur'ani aka yi wa Baba addu'a, mutumin da ba su taɓa gani ba a garin da ba su taɓa zuwa ba. Da na ba Umma labari a waya ta daɗe ba ta yi magana ba, can ta ce in tambayi sunan mahaifiyar dattijon za ta riƙa sa su a addu'a, kuma tana sawa.

Shekarun da suka biyo baya karatu ne kawai, ɗakin gwaji, jarrabawa, asibiti, a rufe makaranta a buɗe, karatun shekara biyar ya miƙe ya shiga ta shida. Ina ajin ƙarshe, saura 'yan watanni, ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, shi ma cikin azumi, muka tashi da ƙarar harbi tsakanin sojoji da dakarun kar-ta-kwana na RSF. Alhamis ɗin da ta gabaci wannan ranar ina wajen Baba mai agashe, har ya ce in zo gidansa cin abincin sallah. Na kira shi kwana biyu da fara yaƙin ya ɗauka, ya ce suna lafiya, in kula da kaina kar in leƙa waje. Bayan mun fito na kira daga Aswan ba ta shiga ba, na kira daga Abuja, na kira daga Kaduna, jiya ma da na zauna zan fara wannan rubutun na sake gwadawa, layin a kashe.

Yadda muka fita daga Khartum a motocin bas, da kwanakin da muka yi a iyakar Masar muna kwana a kan yashi, da abin da Baffa ya ce ranar da na shigo gida da jaka ɗaya babu takardar shaida, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.