Cikon haƙori a zamanin korona, daga ɗakin aikinmu

Kowane ma'aikacin lafiya zai iya ce wa majinyaci ya sa takunkumi, ban da mu masu aikin haƙori. Mu sai ya cire, ya wangale baki, mu sunkuya a kansa, tsakanin fuskata da tasa bai fi taƙi ɗaya ba. Injin da muke ƙwaƙule ruɓa da shi kuwa ruwa yake fesowa don kada haƙori ya ɗau zafi. Ruwan ya gauraya da yawu, wani lokaci har da jini, ya tashi kamar hazo, ya ci gaba da yawo a ɗaki bayan mai shi ya kama gabansa.

Shi ya sa da aka tabbatar da mai cutar na farko a Kano ranar 11 ga Afrilun 2020, dokar kulle ta biyo baya, muka jingine duk cikon da zai iya jira. Sai mai kumburi, ko wanda ciwo ya hana shi barci, ko yaron da ya faɗi haƙori ya karye. A watan Agusta ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da irin wannan shawara.

Abin da ya fi yi mini amfani wata tsohuwar dabara ce da aka fara a Tanzaniya wajen tsakiyar shekarun 1980, don ƙauyukan da ba wuta. Ba a kunna inji. Da ɗan ƙaramin cokalin ƙarfe ake kankare wurin da ya ruɓe, a share da auduga, a kwaɓa wani siminti mai sakin fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, a cusa, a danne da yatsa. Ba feshi, ba ƙara. Yara ma sun fi sonta. Sai dai a ƙaramin kogo ta fi ƙarko; idan ruɓa ta cinye gefe biyu, kada a yaudari mutum, maganin wucin gadi ne.

In kuwa inji ya zama dole, sai mu huda 'yar shimfiɗar roba mu zura haƙorin ta ciki, shi kaɗai ya leƙo, yawu ya tsaya a baya. Mataimakiyata ta riƙe bututun zuƙa daf da wurin. Mu da takunkumin N95 mai tace iska, gilashin fuska da riga har ƙasa, a zafin Afrilun Kano, tagogi a buɗe. Gumi har cikin safar hannu.

Kurkure baki da magani kafin a fara shi ya fi jawo magana, domin azumi ya kama a lokacin. Wani dattijo ya riƙe kofin ya dube ni: "Likita, azumina fa?" Na ce, "Baba, kamar na alwala ne, ku tofar kawai." Ya kurkura a tsanake, ya tofar har sau uku.

Yanzu wurare da yawa an koma gidan jiya. Ni dai ban daina robar ba, haka ma goge kujera tsakanin majinyata, da dafa kaya a tukunyar tururi, har kan injin kansa, domin ciwon hanta nau'in B yana nan, kuma ta jini yake bi. Idan za a yi maka ciko, ka lura ko a gabanka aka farke ledar kayan aikin. In ba ka gani ba, tambayi likitan.